Tsagar da ke Ƙarƙashin Layin Agogo: Nazarin Wani Allon Lantarki da Muka Sake Zanawa a Gombe

Aikin da zan yi bayaninsa ƙaramin allon lantarki ne, irin wanda masu gyaran waya ke kira fanel, wanda muka zana a ɗan ɗakin aikinmu da ke cikin garin Gombe domin wata tashar sola mai ba wani ƙauye wuta a kan hanyar Dukku. An nemi na'urar da za ta zauna a ɗakin inbata da batura tana auna wutar da ke shiga da wadda ke fita, sannan ta aika da alƙaluman ta wayar Ethernet zuwa ofishin tashar inda rawuta, wato na'urar da ke karɓar bayanan sadarwa tana rarraba su, take, tazarar kimanin mita 70. Mu uku ne a kan aikin: babban injiniyanmu, wanda muke kira Malam, shi ya zana da'irar, ni aka ɗora wa shimfiɗa layukan jan ƙarfe a kan allon, sai wani ɗalibi da ya zo zaman koyon aiki na wata shida. Allo goma muka sa aka buga a karon farko, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya riƙe sadarwa yini guda cur a wurin aikin.

Ƙwaƙwalwar allon aisi ce, wato ɗan guntun lantarki mai ɗauke da da'ira a cikinsa, daga jerin STM32, tana magana da aisin Ethernet mai lamba LAN8720A ta hanyar da ake kira RMII, wadda ke tafiya da bugun agogo na megahaz 50, wato sigina mai bugawa sau miliyan 50 a daƙiƙa domin daidaita lokacin musayar bayanai. Osileta guda ɗaya, wato ɗan guntun da ke samar da bugun, ita ce ke ba su agogon su biyu. Allon mai hawa huɗu ne, wato shimfiɗun jan ƙarfe huɗu ɗaya bisa ɗaya, kaurinsa milimita 1.6, na FR-4, wato zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaro, kuma da manhajar KiCad muka zana shi. Na buɗe aikin na fara jan layuka da ƙa'ida guda ɗaya ga kowane layi: faɗi milimita 0.2, tazara milimita 0.2. Layin da ke kunna ƙaramar fitilar alama da layin agogo duk hukuncinsu ɗaya a wurin manhajar, domin ban gaya mata akwai bambanci a tsakaninsu ba. Da na gama, binciken ƙa'ida ya nuna babu kuskure ko ɗaya, muka tura fayilolin zuwa wata masana'anta a Shenzhen ba tare da mun faɗi irin jerin hawan da muke so ba. Masana'antar ta buga abin da muka aika mata daidai, babu laifinta a cikin abin da ya biyo baya.

A kan teburinmu, da waya mai tsawon mita biyu, komai ya yi aiki. Mahaɗar USB da muka sa domin ɗora manhaja ita ma ba ta ba mu matsala ba, abin da ya ƙara mana natsuwar da ba ta da tushe, domin USB mai gudun megabit 12 yana da tashin sigina a hankali, tsakanin nanosakan 4 zuwa 20, saboda haka yana yafe kura-kuran zane da yawa. Sai da aka kafa na'urar a tashar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40 a inuwa, ɗakin batura kuma ya fi haka, sannan cutar ta bayyana. Da safe bayanai suna isa ofis. Daga wajen azahar, lokacin da inbata ke ɗauke da injinan niƙa da firji, ƙunshin bayanai su fara ɓacewa, fitilar haɗi ta riƙa mutuwa tana dawowa, wani lokaci har sai an kashe na'urar an kunna.

Mun fara da zargin abin da ya fi sauƙin zargi. Muka sake matse kawunan wayar, muka sayo sabuwa, Malam ya kwana biyu yana bin manhajar layi-layi. Abin da ya yanke gardamar shi ne wani allon gwaji na kanti mai irin ƙwaƙwalwar nan: muka ɗora masa manhajarmu, muka haɗa shi da wayar nan mai mita 70, a ɗakin nan, a zafin nan, ya kwana uku bai yanke ba. Daga nan babu sauran wurin dubawa sai jan ƙarfen da na shimfiɗa.

Osiloskof ɗinmu, wato na'urar da ke nuna siffar sigina a fuskarta, na megahaz 100 ne. Da muka ɗora shi a kan layin agogo ya nuna mana bugu mai santsi, kafaɗunsa a zagaye, babu abin tsoro. Sai daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in fara da shi: na'ura mai wannan iyaka tana buƙatar kimanin nanosakan 3.5 kafin ita kanta ta tashi, don haka duk abin da ke faruwa cikin nanosakan ɗaya goge shi take yi kafin ya iso fuskarta. Na'urar da za ta gan shi, ko wadda ke auna imfidans ɗin layi kai tsaye, wato turjiyar da layin ke yi wa sigina mai gudu, kuɗinta ya fi ƙarfin ɗakin aiki irin namu.

Tushen kuskurena yana cikin yadda na fahimci gudu. Megahaz 50 na nufin kowane zagaye yana ɗaukar nanosakan 20. Sigina yana tafiyar kimanin santimita 15 a kowane nanosakan a kan FR-4, kusan rabin gudun haske, wato zagaye ɗaya zai mamaye mita 3, alhali allon gaba ɗaya bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. Da wannan lissafin na gamsar da kaina cewa aikinmu bai shiga sahun allunan masu gudu ba. Amma abin da layin jan ƙarfe yake ji shi ne kaifin tashin kowane bugu, kuma osileta ta zamani, idan nauyin da ke kanta kaɗan ne, tana iya tashi cikin nanosakan ɗaya ko kusa da haka, ko da takardar bayananta ta ambaci iyakar sama kawai. Tashi na nanosakan ɗaya tsawonsa santimita 15 ne a kan allo, kuma abin da masu wannan sana'a suka saba bi shi ne, layin da ya wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan tsawon, wato santimita 2.5, dole a ɗauke shi a matsayin hanya mai nata imfidans, mai mayar da amsa-kuwwa idan an saɓa mata. Layin agogonmu santimita 11 ne, kuma a tsakiyarsa ya rabu biyu, reshe ɗaya zuwa ƙwaƙwalwa, ɗaya zuwa aisin Ethernet. A irin wannan mararraba, inda layi ɗaya ya tarar da biyu masu kama da shi, kashi ɗaya cikin uku na siginar yana juyawa baya a kife, sauran kuma idan ya isa ƙafar aisi, wadda kusan buɗaɗɗiya ce, ya sake dawowa kusan gaba ɗayansa. Babu rezisto, wato ɗan guntun da ke rage ƙarfin wuta, ko ɗaya a hanyar da zai shanye wannan kai-komo.

Wannan kaɗai ya isa ya rage wa allon lafiya, amma babbar cutar tana hawa na biyu, inda ido ba ya kaiwa. Domin kare ɓangaren awo daga hayaniyar ɓangaren lissafi, mun bi tsohuwar shawarar nan ta raba shimfiɗar giraun, wato faffaɗan jan ƙarfen da wuta ke komawa ta cikinsa, gida biyu, muka yanka tsaga doguwa a cikinta, muka bar gada ɗaya siririya kusa da aisin awo. Da fili ya ƙure mini a hawan sama, sai na karkatar da layin agogo da biyu daga layukan bayanai suka bi ta gefen ɓangaren awo, suka tsallaka tsagar sau biyu, a shiga da a fita. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa, kuma a irin wannan saurin wutar da ke komawa ba ta yawo cikin shimfiɗar yadda ta ga dama. Tana manne ne a ƙarƙashin layin da ya kai ta, kamar inuwa, domin nan ne zoben da suke yi ya fi ƙanƙanta. Idan ta iso bakin tsaga dole ta rabu da layinta ta zagaya har inda gada take, sannan ta dawo. Wannan zagayen ya buɗe zobe mai faɗi wanda ke yin ɓarna uku a lokaci guda: yana ɓata tashin agogon, yana watsa siginar waje kamar eriya, yana kuma karɓar duk hayaniyar da inbata ke fitarwa idan nauyi ya hau ta. Daga wannan agogon aisin Ethernet ke samo lokacin da yake jera alamomi miliyan 125 a daƙiƙa a kan waya. Waya gajera tana da rarar da za ta haɗiye rawar agogon, mai mita 70 kuwa ta riga ta cinye mafi yawan rararta, zafi kuma ya ƙarasa abin da ya rage.

Yadda muka tabbatar da haka ya cancanci a faɗe shi, domin kayan da muka yi amfani da su akwai su a kowane shago. Ɗalibinmu ne ya lura cewa idan ya matso da ƙaramin rediyon mai gadi kusa da allon, allura tana wajen megahaz 100, shuuwar rediyon takan ɗauke ɗif, alamar cewa wani sigina mai ƙarfi ya mamaye wurin. Ninkin megahaz 50 ke nan, kuma ana jin sa daga ɗaya gefen ɗakin. Muka ɗauki allo ɗaya, muka kankare koren fenti da reza a kan facin giraun na hawan sama da ke hagu da dama da tsagar, waɗanda ramukan haɗi, wato ƙananan ramuka masu haɗa hawa da hawa, suka ɗaure da shimfiɗar ciki, muka ɗinke su da saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfen da ake tsotse dalma da ita, daf da inda layin agogo ya tsallaka. Muka kuma yanke layin a bakin osileta muka dasa rezisto na om 33. Bayan wannan tiyatar sai an kawo rediyon kusan taɓa allon kafin ya yi shiru, kuma allon ya yi mako guda a tashar yana yankewa jefi-jefi maimakon kullum. Bai warke ba, amma ya nuna mana inda ciwon yake.

Akwai wani abu da ya fi tsaya mini a rai a duk binciken. Kwana biyu cur na sa ɗalibin nan yana lanƙwasa layukan bayanai kamar tafiyar maciji domin tsawonsu ya daidaita har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita, saboda na ga ana yin haka a hotunan manyan allunan kwamfuta. Ƙa'idar RMII tana neman bayanai su zauna nanosakan 4 kafin bugun agogo, su kuma daɗe nanosakan 2 bayansa, cikin zagaye mai nanosakan 20. Bambancin santimita guda cur bai kai fikosakan 70 ba. Wannan wahalar ba ta ƙara wa allon komai ba, kuma lanƙwashe-lanƙwashen ne suka cinye filin da ya tilasta mini karkatar da agogo ta kan tsagar. Na ba yaron haƙuri a kan haka, domin ya zo koyo ne, kuma abin da na koya masa a waɗannan kwanaki biyu ba daidai ba ne.

Kafin zane na biyu Malam ya hana a ja layi ko ɗaya sai an rubuta ƙa'idoji a takarda, kowace da dalilinta a gefenta da lissafin da ya haife ta. A ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da aikin ya canza. Ga wanda masana'anta ke bayan gidansa, sake bugu ƙaramar asara ce. Mu kuwa kowane bugu da dala ake biyansa, kuma daga tura fayil zuwa isowar kwali Gombe, bayan ya bi ta Legas ko Kano, mako uku zuwa huɗu ne, mai aiki yana jira, ga shi ba mu da na'urar da za ta nuna mana abin da ke gudana a kan layi. Abin da ba za mu iya aunawa bayan bugu ba dole mu tsare shi kafin bugu.

Da jerin hawa muka fara, domin duk sauran alƙaluma daga gare shi suke fitowa. Muka zaɓi ɗaya daga cikin jerin da masana'antar ta wallafa tana kuma ɗaukar alhakinsa, wanda ke da siririn mayafin gilashi nau'in 7628, mai kaurin kimanin milimita 0.2, tsakanin hawan sama da na biyu, da jan ƙarfe mai kaurin maikuromita 35. A kan wannan, layi mai om 50 yana buƙatar faɗin kimanin milimita 0.35, layukanmu na farko masu 0.2 sun faɗa tsakanin om 60 da 70. Mun yi lissafin da tsarin da ke cikin IPC-2141, ɗaya daga ma'aunan zanen allunan lantarki, muka gwama shi da abin lissafin masana'antar, inda suka saɓa kuma muka bi na masana'antar, tun da ita ta san kayanta. An taɓa kawo shawarar komawa allo mai hawa biyu domin rage kuɗi, lissafi ɗaya ya rufe zancen: a kan kaurin milimita 1.6 layi mai om 50 sai ya kai faɗin kusan milimita 3.

Daga nan muka raba layuka rukuni-rukuni. Agogo shi kaɗai ne a rukuninsa, da om 50, tsawon da bai wuce santimita 4 ba, a hawan sama kawai, babu ramin haɗi, da rezisto a bakin mai aikowa. Mun ma kawar da mararrabar gaba ɗaya, domin LAN8720A tana iya karɓar kiristal na megahaz 25 ta fitar da agogon megahaz 50 da kanta, sai layin ya zama daga ƙafa ɗaya zuwa ƙafa ɗaya. Malam ya bi jadawalin lokutan aisin biyu ya tabbatar rarar ta isa kafin mu amince. Layukan bayanan RMII an yarda su bambanta da agogo har milimita 10. Tagwayen layukan Ethernet suka sami om 100, faɗi da tazara kowanne kusan milimita 0.2, bambancin tsawo tsakanin tagwayen kada ya wuce milimita ɗaya, na USB kuma om 90. Domin hana katsalandan, tsakiyar kowane layi mai gudu zuwa tsakiyar maƙwabcinsa sai ya kai ninki uku na faɗinsa, muka ƙara wa agogo fiye da haka, muka kuma kore koyil ɗin mai rage wuta zuwa ɗaya kusurwar allon.

A kan hawa na uku muka yi saɓani ni da Malam. Shi yana son a bar shi shimfiɗar bolt 3.3 kamar yadda aka saba, domin kowace aisi ta sami wuta kusa. Ni kuma na ce idan layi ya sauka daga hawan sama zuwa na ƙasa, inuwarsa dole ta yi tsalle daga giraun zuwa shimfiɗar wuta, kuma ba ta da hanya sai ta cikin kafasita (ɗan guntun da ke ajiye wuta na ɗan lokaci) mafi kusa, wanda wata ƙaramar tsaga ce a tsaye. Ya ce wutar da allon ke ja ita ce za ta raba mu. Da muka lissafa muka ga ba ta kai rabin amfiya ba, abin da layi mai faɗi a hawan waje zai ɗauka ba tare da ya ji ba, sai ya amince hawa biyu na ciki su zama giraun duka, da sharaɗin kowace ƙafar wuta ta sami kafasitarta ta nanofarad 100 daf da ita. Daga nan ƙa'ida ta fito cewa duk ramin haɗi na layi mai gudu sai an dasa masa ramin giraun a cikin tazarar milimita 2, domin wutar komawa ta sauka tare da shi.

Ita kuwa tsagar, rufe ta muka yi. Ɓangaren awo ya sami kariyarsa ta wurin zama: kayansa a gefe ɗaya, na lissafi a ɗaya gefen, babu layin wani da ke ratsa yankin wani, shimfiɗar kuma ɗaya ce mara yanka. Wuri ɗaya tak aka yarda a cire jan ƙarfe, wato daga tsakiyar ƙaramar taransifomar Ethernet zuwa mahaɗar waya, inda ma'aunin Ethernet ke neman keɓewar bolt 1500, kuma babu layin da ke tsallaka wurin sai ta cikin taransifomar kanta.

Sauran aikin shi ne sa manhajar ta zama mai tsaron waɗannan sharuɗɗa. Tun daga fitowa ta 6, a ƙarshen 2021, KiCad tana ba da damar rubuta ƙa'idoji na musamman, kuma da su muka kafa iyakar tsawo, da bambancin tsawo, da adadin ramukan haɗi, da tazarar tagwaye, muka kuma haramta jan kowane layi a hawa biyu na ciki. Amma binciken da ya ce mini babu kuskure a karon farko gaskiya ya faɗa, domin tazara da haɗuwa yake dubawa, bai san hanyar komawar wuta ba. Saboda haka ƙa'idar ƙarshe a takardarmu ta mutum ce: kafin a tura fayil, wanda bai ja layukan ba zai kunna hawan sigina da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa kaɗai, ya bi kowane layi mai gudu daga farko zuwa ƙarshe yana duban abin da ke ƙasansa. Ɗalibinmu ne ya yi wannan bitar, kuma ya kama wuri ɗaya da na jera ramukan haɗi shida kusa da juna har wuraren da aka ƙwaƙule musu suka haɗe suka zama sabuwar tsaga a ƙarƙashin layin bayanai. Manhajar ba ta ce komai a kai ba. Muka warwatsa ramukan.

Mun biya ƙarin kuɗin sarrafa imfidans a bugu na biyu, masana'antar ta aiko da takardar awon da ta yi a kan guntun gwajin da ke gefen faifan, alƙaluman suna cikin kashi 10 cikin 100 da ta yi alkawari. Alluna biyar aka buga. Na farko ya koma ɗakin baturan nan a kan tsohuwar wayar mai mita 70 wadda muka fara zargi, kuma ya ƙarasa bazara ba tare da ya yanke ba. Rediyon mai gadi ba ya jin sa ko an ɗora shi a kan akwatin.

Da damina ta kankama, tsawa ta faɗa kusa da tashar ta ƙona mashigar rawuta a ofis, allonmu ya tsira, amma binciken da muka yi ya nuna tazarar keɓewar da muka bari a bakin mahaɗar waya daidai iyaka take, babu rara. Takardar ƙa'idojin ba ta da sashe a kan wayar da ke fita daga gini zuwa gini. Shi muke rubutawa yanzu, da jadawalin tazara na IPC-2221 a gabanmu, kuma Malam ya nemi a lissafa kuɗin maye gurbin wayar da zaren fayiba kafin a taɓa zanen allo na uku.